Neman kalma: me za mu kira "oganik kabon" da koguna ke kaiwa teku?

Malamin makaranta: Malamai, ana ta rubuta "gawayi", wasu kuma "taki". Wanne za mu riƙe?

Masaniyar ruwa: Malam, ko ɗaya. Gawayi itace ne da aka ƙona, taki kuwa gona yake kai hankali. Abin da ake nufi shi ne kabon da ya fito daga mai rai: ruɓaɓɓen ganye, gansakuka, saman ƙasar gona, har ruwan kwata. Kanwa ma tana da kabon, amma na ma'adini ne. Shi ya sa ake ɗiga asid a samfur kafin awo, don na ma'adinin ya fice a matsayin iska. In aka manta, lissafi ya kumbura.

Injiniyan madatsu: To "kabon halittu" fa, Hajiya?

Masaniyar ruwa: Dutse ma halitta ne, Injiniya. Na fi son "kabon mai asalin rai". Kashi biyu ne, matata mai ido kusan maikiromita 0.45 ce ke raba su (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Wanda ya wuce "narkakke", wanda ya maƙale "ɓarɓashi".

Injiniyan madatsu: Rabon nan dole ya fito a Hausa, domin aikin ɗan Adam ba hanya ɗaya yake taɓa su ba. Madatsa tana kwantar da ruwa, ɓarɓashi ya zauna tare da laka. Tun da aka kammala babbar madatsar Aswan ta Masar a 1970, lakar Kogin Nilu a tafkin Nasser da ke bayan madatsar take tsayawa, ba ta isa Bahar Rum. Kainji ma, tun 1968, tana riƙe nata rabon na Kogin Kwara. A Indonesiya kuwa an haƙa magudanai a dazuzzukan fadama don shuka kwakwar manja, sai narkakke ya ƙaru, har da tsohon kabon da ya yi ɗaruruwan shekaru a binne.

Malamin makaranta: Saura tafiyarsa zuwa teku. "Fitarwa"?

Injiniyan madatsu: Wannan ta 'yan kasuwa ce. "Jigila" ta fi, don tana ɗauke da lodi da lokaci: kabon da ke cikin lita, a ninka da ruwan da ya wuce. Mafi yawan lodin da damina yake tafiya, lokacin ambaliya, don haka mai awo da rani kaɗai zai sami adadi ƙasa da gaskiya. Kogunan duniya gaba ɗaya na kai kimanin tan miliyan 400 a shekara.

Malamin makaranta: Na rubuta: jigilar kabon mai asalin rai, narkakke da ɓarɓashi.