Kenel ɗaya zan riƙe, ko in ware wa baƙin kwamfutoci nasu?

Mai Janareto:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata damuwa ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar koyar da sana'a. Shekara biyu ke nan muna kan wani ɗan tsarin Linux da na ɗora bisa Debian 12, da rumbun fakiti namu na cikin gida don kada kowace kwamfuta ta riƙa cinye mana data. Muna da kwamfutocin tebur 38, da saba biyu masu Proxmox, manhajar masaukin baƙi, da ke ɗauke da baƙi 14, wato kwamfutocin da ke zaune a cikin wata kwamfutar, sai VPS uku, wato baƙin da ke kan sabar wasu, da muke haya a waje. Kenel ɗin, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urori, ni nake gina shi da hannuna daga 6.1 na Debian, saboda wasu 'yan na'urorin waifai na USB da aka sayo mana kwali guda, masu ƙwayar Realtek 8821CU, waɗanda 6.1 bai san da zamansu ba.

Ginin yana cin kusan awa uku a tsohuwar sabarmu, in an ci sa'a wuta ba ta ɗauke ba. In ta ɗauke kuma a koma kan mai.

To, sai na ga Debian na da wani kenel daban mai suna linux-image-cloud-amd64, ɗan ƙarami, mai saurin tashi. Na gwada shi a baƙi biyu, na ji daɗi, na zuba wa sauran 12 a daren Alhamis. Ranar Asabar aka kira ni wai iyayen ɗalibai sun daina samun saƙon tes. Ashe baƙon da ke tura saƙon yana amfani ne da modem ɗin USB da na miƙa masa daga saba, kuma da sabon kenel ko lsusb, umarnin da ke jera na'urorin USB, ba ya nuna komai. Na mayar da tsohon, komai ya dawo daidai.

Yanzu tunanina shi ne in riƙa gina kala uku: na tebur mai komai da komai, na baƙi mara nauyi amma da USB a ciki, da na masu masauki, wato sabar Proxmox. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki don Allah ya faɗa mini gaskiya, hanya ce ko wahala nake shirin saya da kuɗina?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ukun dai cire shi tun yanzu. Proxmox da nasa kenel yake zuwa, wanda suke ginawa daga na Ubuntu su haɗa masa ZFS, tsarin adana fayiloli. In ka sa naka a wurin, ranar da abu ya lalace ba mai sauraronka.

Saura biyu. Kafin in ce maka kada ka yi, bari in ba ka labarin yadda manyan suka yi suka gaji, don ni a kaina aka yi.

Lokacin da na fara riƙe saba, Xen ne ke tashe a cikin manhajojin masaukin baƙi. Kenel na yau da kullum ba ya tashi a matsayin baƙon Xen, sai an yi masa wani jibgegen faci, facin kuma a kan 2.6.18 aka ɗinka shi. Shi ya sa RHEL 5 na kamfanin Red Hat ke da kernel-xen daban, Fedora ma haka. Debian 5 da ya fito a 2009 kuwa abin har ya yi yawa: ga na Xen, ga na OpenVZ, ga na VServer, kowanne da nasa tarin faci. Duk lokacin da Linux ya yi gaba, sai wani bawan Allah ya zauna yana jawo tsohon facin yana liƙa wa sabon kenel. Kenel ɗin Xen na Fedora kullum a baya yake, na yau da kullum ya yi masa nisa, ka sayi sabuwar na'ura ka ga ɗaya ya gane ta ɗayan bai gane ba.

Dabarar paravirt_ops ce ta kashe wannan wahala: kenel ɗaya, in ya tashi sai ya duba ƙasan da yake tsaye a kai, ƙarfe ne ko Xen ne ko wani, ya gyara kansa daidai da wurin. KVM, masaukin baƙi na cikin kenel, ya shiga Linux a 2.6.20 cikin 2007, zama baƙon Xen ya shiga a 2.6.23, virtio, direbobin baƙi, ya biyo baya a 2.6.24. Da Fedora 10 ta fito a 2008 babu sauran kernel-xen, duk da cewa hakan ya sa sun zauna ba su iya zama masu masaukin Xen har sai Fedora 16, bayan Linux 3.0 ya kammala wannan ɓangaren a 2011. Ka duba fa, sun gwammace su rasa abin na shekara uku da su ci gaba da kiwon kenel biyu. Debian 7 a 2013 ya watsar da waɗancan kalolin gaba ɗaya. Mutanen da ke da ɗaruruwan ma'aikata da injinan gini da ba sa sanin an ɗauke wuta ke nan.

Kai kuwa kai kaɗai ne, da janareto. Ranar gini na farko ba ita ce matsala ba. Ranar da ɓarakar tsaro irin Dirty COW ta Oktoban 2016 za ta sake faɗowa ita ce, ko irin watan Janairun 2018 da Meltdown ya sa muka yi ta sabunta kenel kamar ana canza wa jariri tsumma. Ranar za ka gina sau biyu, ka gwada sau biyu, kuma wanda ka fi mantawa da shi shi zai cije ka. Taura biyu ba ta taunuwa.

In nauyi ne ke damunka, raba ƙunshin, kada ka raba ginin. Haka Fedora ta yi a 21: gini ɗaya, amma aka yanka shi gida biyu, kernel-core da kernel-modules, baƙo ya ɗauki na farko kawai. Shi ma linux-virtual na Ubuntu ainihin kenel ɗinsu ne na kowa da kowa, tarin ƙarin direbobin ne kawai ba ya jawowa.

Tambaya ɗaya: me ya sa kake gina kenel sukutum saboda direba ɗaya tal?

Uwar Saba:

Baba Tsohon Hannu, a gafarce ni, labarin ya tsaya a 2013. Ai Debian ɗin da ya watsar da kaloli shi ne ya dawo ya ƙirƙiro na cloud daga baya, yana nan cikin Debian 10 na 2019. Ubuntu kuma na da linux-aws da linux-azure da linux-gcp. Ba don sun manta darasi ba ne. Bambancin shi ne na da faci ne daban, na Debian na yanzu kuwa tushe ɗaya ne, saiti kawai aka rage. Nauyin kiwonsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Kuma ƙaramin kenel yana da amfanin da ya wuce saurin tashi. Direban da babu shi ba a kutsowa ta cikinsa. Ku tuna ɓarakar DCCP ta 2017: kusan ba mai amfani da DCCP, wata ƙa'idar sadarwa, amma kowane ƙaramin mai asusu yana iya sa kenel ya loda shi da kansa, daga nan ya haye ya zama root, mai cikakken iko da injin. Wanda kenel ɗinsa ba a gina shi da DCCP ba barcinsa ya sha a ranar.

Sai dai Malam Mai Janareto, wannan hujjar tawa ba taka ba ce sosai. Mai baƙi dubu da ake tashe su ana kashewa kowane minti, shi ne daƙiƙa biyu ke yi wa tsada, har ta kai Amazon ta fito da Firecracker, mai tashe ƙananan baƙi da sauri, a 2018 don irin wannan. Baƙinka 14 sau nawa suke tashi a wata? In dai ba wuta ce ta kashe su ba, ina jin ba su kai sau biyu ba. Abin da kake tsoro kuma kana iya toshe shi da layi ɗaya a cikin /etc/modprobe.d, ka rubuta install dccp /bin/false, ka yi wa ire-irensa haka.

Game da modem ɗinka, duba /boot/config na wancan kenel ɗin ka nemi USB_SUPPORT, za ka ga a kashe yake. Ba kuskure ba ne, da gangan ne. An yi shi ne don EC2 da Azure da Google, inda ba wanda zai je ya soka wa baƙo filashi. Kai ne ka kai shi inda ba a ɗinka shi don nan ba.

VPS ɗinka uku su ne wurinsa. Sa musu na Debian ɗin yadda yake, su Debian su yi ta gina maka.

Ɗan Autan Zaure:

Ni dai Yaya, Alpine Linux nake sa wa ƙananan baƙina. Suna da linux-lts na ƙarfe da linux-virt na baƙi, ka zaɓa a wuce wurin. Kuma in kana so initramfs, ƙunshin direbobin da kenel ke fara tashi da shi, ya rame, canza MODULES=most zuwa MODULES=dep a /etc/initramfs-tools/initramfs.conf, za ka sha mamaki.

Uwar Saba:

Auta, wannan shawarar ta dep da sharaɗinta take. Direbobin da injin ke amfani da su a ranar kawai take ɗauka. Ka kwashi baƙon daga KVM ka kai shi VMware, yana neman vmw_pvscsi babu, ko Hyper-V yana neman hv_storvsc, ko sababbin injinan Amazon da faifansu ke fitowa ta nvme. Ko a cikin Proxmox ɗin ma, ka canza masa faifai daga virtio zuwa SATA sai ya tsaya a baƙin allo yana cewa bai ga root ba. Ni na taɓa yi wa wani haka da tsakar dare, a VPS ɗin da ba ni da hanyar ganin allonsa sai na aika wa masu shi takarda, su kuma lokacin suna hutun ƙarshen mako.

Mai Janareto:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya, na duba, haka ne, layin yana nan an rubuta ba a saita shi ba. Da na duba tun farko da ban sha kiran Asabar ba.

Baba, tambayarka ce ta fi ba ni kunya. Gaskiya ba ni da amsa sai dai cewa haka na koya a lokacin, na ga ya yi aiki, ban sake waiwaya ba. Jiya na zauna na mayar da direban Realtek ɗin ƙunshin DKMS, mai gina direba shi kaɗai a kan kowane kenel, na gwada a kwamfutoci huɗu da kenel ɗin Debian na asali. Cikin 'yan mintuna ya haɗu, waifai ya kama. Uku sun tafi lafiya. Ta huɗun tana da Secure Boot a kunne, wanda ba ya yarda da direba marar sa hannu, ta ƙi loda shi sai da na shigar da makulli ta mokutil na sake tayar da ita na danna amincewa a shuɗin allon nan. Sauran 34 ɗin ban san nawa ne ke da shi a kunne ba, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ranar Lahadi da ba ɗalibai.

Abin da na tsayar: na tebur da baƙi 14 duk su koma linux-image-amd64 na Debian, VPS uku su hau kan na cloud, Proxmox ban taɓa shi ba. Na bar most yadda yake, Auta ka yi haƙuri.

Saura abu ɗaya. Wani ya ce mini direban 8821CU na USB ya riga ya shiga Linux tun 6.2, a cikin rtw88. In haka ne, da in ɗauko sabon kenel daga bookworm-backports, rumbun sababbin fakiti na Debian 12, da in zauna a kan 6.1 da DKMS, wanne ya fi?

Tsohon Hannu:

Ya shiga, gaskiya ya faɗa maka, amma sai ka haɗa da firmware-realtek. Sai dai ƙungiyar tsaron Debian ba ta ɗaukar nauyin backports, gyara kan iso can a makare. Ni da ni ne, zan zauna a 6.1 da DKMS har ranar ƙaura zuwa Debian 13, shi da 6.12 ya zo. Kafin nan ware kwamfuta ɗaya ta can ƙarshen aji ka sa mata na backports, ka bar ɗalibai su yi ta dukanta na wata guda, mu ji ko waifai ɗin na yankewa.