Don Allah ku duba min, wakilin AI yana min ɓarna a Premiere

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa bidiyon biki da na karatun malamai. A shagon yayana na koya, daga baya muka rabu kan wata magana ta kyamara da ba sai na tono ba, na buɗe nawa da kwamfuta ɗaya wadda har yau ban gama biyan kuɗinta ba. Abin da ke cinye min yini shi ne cire shirun da ke tsakanin maganar malam. Shi ne wani yaro ya haɗa min wakilin AI (AI mai aiwatar da aiki da kansa) da manhajar haɗa bidiyo ta Premiere Pro ta MCP, wato hanyar da ake haɗa AI da kayan aiki, wata manhaja mai suna PyAutoGUI ke danna maɓallan. Ni na rubuta bayanin kayan aikin da wakilin ke karantawa ya zaɓi wanda zai kira: "yanka: yana yanke bidiyo", wato Ctrl+K, da "datse: yana cire abin da ke baya", wato Q. Wataran ya yi lafiya lau. Wataran hoto ya yanku, murya tana nan yadda take. Jiya na dawo daga sallah na tarar da qqqqq jere a akwatin bincike, wakilin kuma yana ce min ya kammala. Ta yaya zan gane bayanina ne bai yi ba ko shi ne ba ya ja? Ranar Juma'a zan miƙa aiki.

Baban Edita: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba sai ka wahalar da kanka ba, tun daga tushe aka yi kuskure. Danna maɓalli aikin makaho ne. Q ba ta da ma'ana sai taimlayin, tagar da ake jera hoto da murya, ce a zaɓe, in akwatin bincike ne a buɗe harafi kawai za ta rubuta. Ka koma DaVinci Resolve, shi ma na haɗa bidiyo ne, yana da hanyar ba shi umarni kai tsaye da Python ko Lua. Magana ta ƙare.

Ummu Hanan: Malam, ba ka faɗa mana ko muryar daban kake ɗauka ba. In daban ce, Ctrl+K layukan da aka kunna wa alama kaɗai take yankewa, mai yanke duka ita ce Ctrl+Shift+K. Bayaninka bai faɗi haka ba, to ina zai sani? Ka rubuta masa sharaɗin: wace taga ce dole ta kasance a zaɓe, wane layi abin zai shafa, yaushe ne bai kamata a kira shi ba. Sannan kayan aikin ya riƙa dawo da labari, ko da hoton allo ne, maimakon "an yi" kullum. Gwaji kuwa, ka ware ɗan bidiyo na minti ɗaya da ka san inda ya kamata a yanke, ka ba shi umarni iri ɗaya sau goma da tsohon bayani, sau goma da sabo, ka ƙirga. Ka raba laifin gida biyu: kiran kayan aikin da ba shi ba, laifin bayani ne. In ya kira daidai maɓalli ya faɗa wani wuri, wannan na mai haɗawa ne.

Ɗan Fagge: Na gode Hajiya. E, daban nake ɗauka, da ƙaramar makirfo a wuyan rigar malam. Amma da gangan na gajarta bayanin, yaron ya ce dogon rubutu yana cin kuɗi. Baba, Resolve kuma ba zan iya ba, hannuna ya saba da Premiere.

Mai Kyamara: Ku kuna ta AI. Ni amarya ta karɓi bidiyonta tun bayan ƙaramar sallah, cikon kuɗina har yau sai "gobe in sha Allah". Wane wakili ne zai karɓo min?

Baban Edita: Hajiya, da girmamawa, wa ke da lokacin ƙirga gwaji ana jiran aiki Juma'a? Ko littafi ya rubuta, muddin wata taga ta faɗo tsakiyar aiki, maɓalli zai tafi inda ba a aike shi ba. Cire shiru ma ba ya buƙatar AI. ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, yana da silencedetect mai gano shiru, zai ba ka daƙiƙar da kowane shiru ya fara da inda ya ƙare.

Na Zinder: Baba ka manta ba ka faɗa masa ba, sarrafa Resolve daga waje sai Studio, wato wanda ake saye, dala 295. Mutumin da bai gama biyan kwamfuta ba. Kuma shirun malam ba duka ake cirewa ba, in ya ja aya ya tsaya, tsayawar tana cikin karatun. ffmpeg bai san wannan ba.

Ɗan Fagge: Yauwa Na Zinder, dalilin da ya sa nake son AI ke nan. Kuma ni ban ga laifin "yana yanke bidiyo" ba, ko yaron shago na faɗa wa haka zai gane.

Ummu Hanan: Yaron shago yana kallon allo, Malam. Shi wakilin me yake gani? Turo mana abin da kayan aikin ke mayar masa bayan ya danna.

Ɗan Fagge: Wannan sai yaron, kuma tun shekaranjiya wayarsa a kashe. Akwai wanda ya san inda ake dubawa?

Baban Edita: Na dai faɗa maka, Resolve.