Idan an zubar da jini a kan ɓarnar gona, wa za a tuhuma?

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'a. Jiya a wajen ta'aziyya wani dattijo ya ce gwamna ba shi da laifi idan manoma da makiyaya suka kashe juna, tunda 'yan sanda da sojoji daga Abuja suke karɓar umarni. Maganar ta tsaya mini a rai. Me kuka gani?

Ɗan Kafanchan: Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon nan yana da hujja. Sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan. Dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta fara aiki a Nuwamba 2017, zuwa Janairu 2018 an binne mutum 73 a Makurɗi, waɗanda aka kashe a Guma da Logo. Da wane jami'i Ortom, gwamnan Binuwai na lokacin, zai kare su?

Hajiya daga Haɗeja: Ɗana, bindiga ta Abuja ce, amma ƙasa fa? Tun dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna take. A bayan garinmu akwai burtalin da ina yarinya garke biyu ke giftawa ba su gogi juna ba. Yau shinkafa ce a ciki, kuma mai gonar yana da takarda da hatimi. Wanda ya buga hatimin nan shi ya fara haddasa faɗan, tun kafin a zare sanda.

Ɗan Ardo: Allah ya saka da alheri, Inna. Gwamnatin Arewa ta yi dokar makiyaya tun 1965. Ana lissafa wuraren kiwo 415, amma kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai aka tabbatar a hukumance, sauran an yi ta yankawa. Idan saniyarmu ta shiga gona, kafin magariba an kama yaro, sai an sayar da bijimi a biya tara. Da aka kore wa baffana shanu talatin cikin dare, ko wanda zai bi sawu ba a turo ba.

Manomin Wake: Yallaɓai Ɗan Ardo, na ji naka, ka ji nawa. Saura mako guda mu roro wake aka sako mana garke da tsakar dare. Da asuba mahaifina ya tsaya a bakin gona, ko harawa ba a bari ba, ga bashin taki a wuyansa. Mun kai ƙara, aka ce mu kawo kuɗin mai. Kafin mu haɗa, masu shanun sun ƙetare iyakar jiha. Shi ya sa samarinmu ke cewa gara kowa ya kare kansa.

Hajiya daga Haɗeja: Kar ka bar su, ɗana. Zamfara ta bi wannan hanyar da 'yan sa-kai, aka riƙa kashe Bafulatani a kasuwa ba bincike, ka ga inda aka kwana.

Ɗan Maraɗi: Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. A Toda, 1991, an kashe fiye da mutum ɗari, yawancinsu mata da yara. A 1993 aka fito da dokar karkara, aka kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye, da manomi da makiyayi a zaune tare. Duk shekara hukuma ke sanar da ranar sakin gonaki. Wanda ya shigo kafin ranar ya san zai biya ɓarna. Har yanzu ana rikici, amma akwai ƙofar da za ka buga.

Ɗan Kafanchan: Na yarda da maganar filaye. Amma ranar da mahara suka shigo da bindiga, takardar burtali ba ta tare harsashi. Ni dai ina nan a kan a kafa 'yan sandan jiha.

Malamin Firamare: To ranar Litinin zan je sakatariyar ƙaramar hukumarmu in nemi taswirar burtali da mashaya. Ɗan Ardo, Manomin Wake, ku ma ku nemo ta wajenku, mu ga abin da ya rage.

Ɗan Ardo: In sha Allahu, Malam. Zan tafi da baffana, ya san inda kowane dutsen iyaka yake.