Tocilar Baba ta ƙarfe: in gyara ta ko in bar ta a adaka?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu, sai na tsinci tocilarsa a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon rawani. Irin ta ƙarfen nan ce mai walƙiya, mai kan damisa a gindi, wadda ke cin manyan batura biyu. Da ita yake zuwa masallacin asuba, da ita yake haska mana ƙarƙashin tabarma a damina saboda kunama. Mu yara ba mai taɓa ta. In ka kunna ba izini, ranar sai ka yaba wa aya zaƙi.

Na sa sababbin batura, shiru. Da na leƙa ciki sai na ga tsatsa da wani farin gari a kan sifirin da ke danne batura. A bana kaɗai tocila mai caji uku na saya a babbar kasuwa, biyu sun mutu, ta ukun sai an buga ta a tafin hannu. Shin wannan ta Baba za ta tashi? In ta tashi, ta fi na yanzu ne da gaske, ko kewa ce ke ruɗa ni?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Za ta tashi, don babu abin mutuwa a cikinta: batura, makunni, ƙwai, shi ke nan. Farin garin nan ruwan batir ne da ya zuba ya bushe, an bar batura a ciki sun daɗe. Kankare sifirin da bakin wuƙa har ƙarfe ya fito fes, haka ma ɗan ƙarfen da makunni ke turawa. Ka wanke hannu bayan ka gama. Sannan ka ɗaga ƙwan a rana ka duba siririyar wayar da ke ciki, in ta tsinke ƙwan ya ƙone.

Amma maganar haske, kar mu yaudari kanmu. Wancan ƙwan sai wayarsa ta yi zafi jawur take haske, don haka mafi yawan ƙarfin batir a zafi yake tafiya. Batura biyu, kowanne volt 1.5, ka ga 3 ke nan, kuma kana kunnawa hasken na ja baya har ya koma kamar garwashi. Ƙwan LED, irin farin nan na tocilolin yanzu, ba ya asara mai yawa haka, shi ya sa yake daɗewa a kunne. Waɗanda ke mutu maka ba ƙwan ne ke mutuwa ba, batirin cajin ne maras kyau da jikin roba. Kullum ana kawo mini su shago, in buɗe in tarar an liƙe komai da gam, ba wurin sa sukudireba.

Malam Na Lakkwal:
Ɗan ƙari kan bayanin maigida mai gyara. Abin da ke hannunka fasalinsa bai canza sosai ba tun 1899, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, David Misell, ya yi rajistar tocila mai batura jere cikin bututu a Amurka. Farin hasken na yanzu kuwa jiya-jiya ne: bai yiwu ba sai da aka samu LED mai shuɗin haske mai ƙarfi a Japan wajen 1993, aikin da ya sa aka ba wani masani mai suna Nakamura da wasu masana biyu kyautar Nobel a 2014. Ni dai idona ya fi son jan hasken da, farin nan yana kashe mini ido in ina gyaran takardun yara.

Maman Zariya:
Ku maza kuna ta yabon ƙarfe, mu ne muka san kuɗin batir. Da duk mako biyu sai an saya, in ya yi sanyi a shanya shi a rana ko a ɗan dandatsa shi da dutse wai ya farfaɗo. Yanzu ina da mai ɗan farantin sola a baya, in aje ta kan katanga da hantsi, da dare in yi tuyar awara da ita har in tashi. Ɗana, ka gyara ta Baba don tunawa, amma ka nemi mai caji ta ƙwarai ko da ta fi tsada.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. Malam mai gyara, na kankare kamar yadda ka ce, kuma ƙwan lafiyarsa lau. Jiya bayan isha'i na tura makunni sai ga ta ta kawo, ja-ja, da ɗan baƙin zobe a tsakiyar hasken kamar da. Inna na gani ta yi shiru ta shige ɗaki. Da safe ta ce in bar mata ita a gefen gado, kuma kar in sake in sa mata farin ƙwai. Mama, wace iri ce taki mai farantin, kuma jika nawa kika saya?