Shagon bindiga na farko ya sallame ni, na biyu ya riƙe min kuɗi: ina neman shawara

Maman Ilham (Hustan): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Shekarata shida a jihar Teksas ta Amurka, aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu. Da na rana nake yi, da Ilham ta shiga makaranta na koma na dare don ya fi kuɗi, yara kuma suna kwana wajen maƙwabciyata 'yar Senegal, mace mai kirki, ko sisi ba ta karɓa sai dai in yi mata dambun nama. Maigida direban tirela ne, wani lokaci sai ya yi sati uku bai leƙo gida ba. Tsohuwar da nake kula da ita shekararta 88, 'yarta ke karɓata ƙarfe biyar na asuba, don haka da duhu nake isowa gida. Wancan watan aka fasa min gilashin mota a wajen ajiye motocinmu. Sati uku da suka wuce kuma wani mutum ya biyo ni tun daga mota har gindin matakala, sai da na ƙwala wa maƙwabciya kira ya juya. Na gaya wa ofishin masu gidan, suka ce za su gyara fitilar wajen. Har yau tana nan a mace.

Shi ne na yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga da zan riƙa yawo da ita. Na yi ta kallon bidiyo, na tsaya a kan biyu, Glock 43X ko SIG P365. Ranar Asabar muka je wani shago da ƙanin maigida. Yaron kantar ko kallona bai yi ba. Ni ke tambaya, shi ake ba amsa. Da ya gane ni ce mai saye sai ya ɗauko wata libarba mai ruwan hoda, mai cin harsashi biyar, wai wannan ce ta mata. Kunamarta da ƙyar na iya ja. Na ce P365 nake so, ya miƙo min kamar an sa shi dole, na zo jan samanta baya hannuna duk gumi na kasa, ya yi wani murmushi da ba zan manta ba. Na daure na fara cike fom. Can sai ya janye takardar ya ce ba zai sayar mana ba, mu tafi. Ba dalili. Ni dai na san hijabina ne.

Talata na je wani shagon ni kaɗai, na biya dala 580, na cike fom, aka ce an sa min jinkiri a binciken da ake yi wa mai saye kafin a miƙa masa bindiga. Yau kwana tara. Kullum na kira sai a ce za mu neme ki. Na ce a ba ni kuɗina, wai sai sun cire kashi 20 cikin ɗari. Yanzu in kai ƙarar na farkon ne, kuma ina? In haƙura da kashi 20 ɗin in koma wani wuri?

Anti Larai (Kolambus): Wayyo ƙanwata, sannu. Wannan libarbar mai ruwan hoda ai kamar tare suka yi karatunta, duk macen da ta shiga ita ake tura mata. Ni na biye musu na saya. Ranar farko a filin koyon harbi, harsashi goma na harba tafin hannuna ya yi tsami kwana uku. Na mayar, suka ce bindiga ba ta dawowa, sai dai su saye ta a matsayin ta hannu, kusan rabin kuɗi. Mutumin ma cewa ya yi in turo mijina su yi magana. Mijin da muka rabu tun 2017!

Alhaji Baban Sadiq (Dalas): Wa alaikumus salam. Shekarata 22 a ƙasar nan, na sayi bindiga ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka ki saurare ni. Kafin a ɗora wa hijabi laifi, akwai abin da kika tsallake. Lokacin da kike cike fom, me ƙanin mijin naki yake yi? Wa ya fito da kuɗi?

Maman Ilham: Alhaji, katinsa ya miƙa, saboda nawa yana da iyakar abin da zan cira a rana. Amma kuɗina ne, zan tura masa da mun koma gida. Kuma shi ya ɗan taya ni fahimtar wasu tambayoyin fom ɗin da Hausa, shi ke nan.

Alhaji Baban Sadiq: To ai kin ji. Biri ya yi kama da mutum. Wannan takardar da kika cike, fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, a cikinta akwai tambayar ko kai ne ainihin mai sayen bindigar. Sayen bindiga a madadin wani babban laifi ne a dokar tarayya, kuma tun dokar 2022 hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15. Yanzu ki tsaya a bayan kanta ki duba: mace na cike fom, namiji na gefenta yana yi mata magana da yaren da mai shago ba ya ji, sannan namijin ya zaro kati. Ko ni ne zan janye takardar. Lasisinsa ne a kan layi, kuma doka ta ba shi damar fasa cinikin da bai kwanta masa ba. Ba inda za ki kai shi. Maganar jinkiri kuwa, FBI ce ke binciken ta NICS, tsarin duba tarihin mai sayen bindiga, ba shagon ba. In kwana uku na aiki suka wuce ba amsa, doka ta yarda mai shago ya miƙa bindigar, amma ba ta tilasta masa ba, kuma da yawa ba sa miƙawa. Ki sani binciken kwana 30 yake yi ya mutu, sai a sake sabo. Kuskurenki shi ne biyan kuɗi kafin ki tambayi ƙa'idarsu. Babban kuskuren kuma bindigar da kika zaɓa. Ƙaramar bindiga ta gwanaye ce, ta fi zabura a hannu. Glock 19 za ki saya, harsashi 15, ki huta.

Maman Ilham: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma wulaƙancin ai tun kafin a zo maganar kati aka fara shi. Me ya hana shi buɗe baki ya ce min ke za ki biya da kanki? Minti ɗaya ne. Glock 19 kuma na riƙe ta, ta cika min hannu, a ina zan ɓoye ta cikin kayan aiki?

Ɗan Damagaram (Atilanta): Hajiya, jinkirin nan ni ne sarkinsa. Sunana da na mahaifina irin waɗanda a kowane masallaci in ka kira mutum goma za su waigo ne. Sau uku ina saye sau uku ana riƙe ni. Mai girin kad, wato katin zaman dindindin, kuma sai an haɗa da bincika lambarsa a wajen hukumar shige da fice, abin ya ƙara tsawo. Kin rubuta lambar soshiyal ɗinki, wato Social Security, a fom? Ba dole ba ce, amma tana raba ki da masu irin sunanki. Ni daga baya na nemi lambar UPIN a wajen FBI, wadda ake ba masu yawan samun wannan matsalar. Abin haushin ma, duk wahalar nan da na sha, Uber da Lyft sun hana direba ɗaukar bindiga a mota in yana aiki, alhali a motar ce aka taɓa ɗora min wuƙa a wuya. Tana gida a kulle, ni ina titi.

Maman Ilham: Ban rubuta soshiyal ba. An sha gaya mana kada mu riƙa ba da ita ko'ina.

Anti Larai: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. An taɓa ganin namiji ya shiga shago an juya ana ba matarsa amsa? A 2015 wani mai shagon bindiga a Fulorida fitowa fili ya yi ya ce ba ya son Musulmi a shagonsa, duniya ta gani a labarai, don haka kada a ce mata mafarki take. Ƙanwata ki rubuta musu sharhi a Google, ki faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Sannan ki je filin harbi mai ba da haya, ki gwada uku ko huɗu. Tunda jan saman yana ba ki wuya, ki gwada Shield EZ ta Smith & Wesson, don masu irin hannunmu aka yi ta. Ni wata malama ce ta nuna min cewa ba ja ake yi da yatsu ba, riƙe saman ake yi gam a tura gindin gaba. Minti biyar na iya. Abin da yaron can ya kamata ya nuna miki ke nan maimakon murmushi.

Alhaji Baban Sadiq: Sharhin Google ba ya tsare mutum a gindin matakala, Larai. Ke Maman Ilham, ga abin yi. Tun 1 ga Satumba 2021 Teksas ta yarda mai shekara 21 da doka ba ta hana shi ba ya ɗauki ƙaramar bindiga ba lasisi, amma ke ki je ki yi lasisin. Aji ne na awa huɗu zuwa shida, da gwajin harbi harsashi 50, da hoton yatsu, kuɗin jiha dala 40. Mai girin kad yana samu. A nan za a koya miki inda ba a shiga da ita, da alamun 30.06 da 30.07 da ake mannawa a ƙofa don hana shiga da bindiga. Kuma mai wannan lasisin, doka ta yarda a sayar masa ba tare da an sake kiran NICS ba. Kin ga jinkiri ya ƙare. Tambaya ɗaya kuma: shi yaron da ya raka ki, da wace takarda yake zaune?

Maman Ilham: Ɗalibi ne, bizar karatu gare shi.

Alhaji Baban Sadiq: Inna lillahi! Mai irin wannan bizar doka ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Shi kika bari ya miƙa kati? Ki gode wa Allah da yaron shagon ya sallame ku. Gata ya yi muku.

Maman Ilham: Gata da wulaƙanci? Ni fa ban san wannan ba, shi ma bai sani ba, rakiya kawai ya yi min. Ai aikin mai shago ne ya yi wa mutum bayani. Kuma ajin nan yaushe zan yi shi, ina dawowa da asuba in kai yara makaranta?

Malam Habu (Miniyapolis): Ni duk ban ga wanda ya tambayi inda bindigar za ta kwana ba. Yara biyu gare ki. Kuma gidan tsohuwar da kike aiki, kamfaninku ya yarda ki shiga da ita? In ba su yarda ba a mota za ta kwana, motar da aka riga aka fasa. A nan kusa da mu ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, Philando Castile, a cikin mota a watan Yulin 2016, yana da lasisinsa, ya gaya wa ɗan sandan da bakinsa cewa yana ɗauke da ita. Baƙar fata da bindiga a mota lissafinsa daban ne. Ki karɓi abin da ya rage na kuɗinki ki haɗa ki tashi daga gidan nan, ki riƙe azkar ɗinki na safe da yamma.

Hajiya Maman Walida (Kano): Ikon Allah, wai bindiga a kanti kamar buhun shinkafa, har ana rigimar ba a yi wa mutum fara'a ba. Mu nan barayi sun haura mana sau biyu bara, 'yan sintiri muke biya duk wata, su ma da gora suke yawo. 'Yar nan, shi maigidan me ya ce?

Alhaji Baban Sadiq: Malam Habu, tashi ba wasa ba ne, karya yarjejeniyar haya kuɗi ne. Maganar yara kuwa akwatin ƙarfe mai lamba ya raba gardama, dama a Teksas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu. Sayen akwatin dole ne, wannan kwaɗon da ake haɗowa da shi a kwali bai isa ba.

Maman Ilham: Hajiya, ban gaya masa ba tukuna. Yana kan hanya, in na faɗa masa maganar mutumin nan hankalinsa zai tashi yana tuƙi, kuma cewa zai yi in bar aikin dare, aikin da da shi muke biyan haya. In ya dawo zan yi masa bayani. Malam, azkar ina yi, ko ranar ma da ayatul kursiyyu a bakina na hau matakalar. Maganar kamfani ban tambaya ba, ba na son su sa min ido.

Anti Larai: Ƙaninsa ya sani shi bai sani ba? Ƙanwata, wannan ta fi ta shagon girma. Kira ni.

Ɗan Damagaram: Ni dai kada ki bar musu dala 116 a banza. Ki duba bayan rasit ko an rubuta maganar kashi 20 ɗin, kuma ko kin sa hannu.

Alhaji Baban Sadiq: An rubuta, kullum suna rubutawa. Ki je da kanki gobe, ki ce su mayar da kuɗin kan Glock 19.

Maman Ilham: Na duba, an rubuta da ƙananan haruffa, kuma na sa hannu. Yanzu na sake kiransu, wata mace ce ta ɗauka, ta ce mai kula da takardun ba ya nan sai Litinin. P365 ɗin dai nake so, Alhaji. Akwai wanda ya san ajin da mace ke koyarwa a Hustan, ranar Lahadi?