Makin jirgin da Baba ya bari, ya za mu yi da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa wata huɗu da suka wuce. Ɗan kasuwa ne, ya shafe shekaru yana zuwa Dubai da Guangzhou saro kaya. Jiya ina share masa ɗaki na ci karo da katin kamfanin jirgin da yake hawa, a cikin tsohon fasfonsa tare da rasit ɗin kaya. Da na duba imel ɗinsa sai na ga maki sama da 180,000, irin wanda kamfanin jirgi ke tara wa fasinja in ya yi tafiya, har ya iya yankar tikiti da shi. Ƙanena ya ce kawai mu shiga asusun mu yanki wa Hajiya tikitin Umra, tunda wayar Baba tana hannunmu. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mu tara ne, uwa biyu. Shin ana mayar da makin ga magada? Kuma gado ne?

Ɗan Kwari: Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa Aljanna ce makoma. Kafin komai, 'yar uwa, kada ku bar layinsa ya mutu. Lambar sirrin shiga asusu can ake turowa, kuma layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sayar wa wani. Ku riƙa sa masa kati.

Mazaunin Amurka: Allah ya gafarta masa. Yawancin kamfanoni sun rubuta a ƙa'idarsu cewa maki ba mallakin fasinja ba ne, don haka ba dole ba ne su ba magada. Amma sun bambanta. Delta ta ce ba a gadon makinta. American Airlines kuwa takan mayar idan ta ga dama, bayan an kai mata takardu. Ki nemo ƙa'idar naku kamfanin, ki karanta sashen da ya yi maganar mutuwa, sannan ki rubuta musu. Galibi za su nemi takardar shaidar rasuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ke bayarwa a Najeriya, da takardar kotu mai nuna wakilin magada. Shawarar ƙanenki fa akwai haɗari: shiga asusun mamaci saɓa ƙa'ida ne, in suka gano suna iya soke tikitin su rufe asusun. Ace Hajiya ta ɗaura niyya, ta je filin jirgin Malam Aminu Kano, a ce babu sunanta?

Maman 'yan biyu: Ki kuma duba ranar ƙarewar makin. Na Emirates shekara 3 yake yi. Mu muna jiran a gama rabon gida, makin maigidana ya tafi a banza.

Baba Malam: 'Yata, tunda kin ce uwa biyu, nan ne gizo ke saƙar. Ko da hukuncinsa ya zama ba gado ba, abin da zai iya sayen tikiti abin rigima ne. Ki kai wa malamin da ke raba muku gadon, ki nuna masa ƙa'idar kamfanin. Sannan ku zauna ku tara da iyayenku mata, kowa ya faɗi amincewarsa a gaban shaidu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yanzu na sa wa layin kati. Baba Malam, wallahi ko tunanin Umma, abokiyar zaman Hajiya, ban yi ba. Da magariba zan shiga wajenta.