Shin annoba rufa-ido ce don jibge sojoji?

Na Wurno: Salamu alaikum. Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp nan Sakkwato, wai ƙirƙiro annoba ake yi don a ɗauke hankalin jama'a daga motsin sojoji, kuma haka aka yi da korona. Ya ake tantancewa?

Malamar Tambuwal: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da kwanan wata. Atisayen Amurka a Turai da ake kafa hujja da shi, Defender-Europe 20, tun 2019 aka sanar da shi, korona ce ma ta sa aka rage shi a Maris 2020. In an haɗo da hoton tankokin yaƙi kuwa, ka saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto. Sau da yawa tsohon hoto ne daga wata ƙasa.

Ɗan Illela: Ba banza mutane ke zargi ba, Malama. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta shirya rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Bin Laden. Amma cuta a ɗakin gwaji ake tabbatar da ita. Misali sanƙarau, ruwan ƙashin baya ake ɗiba a duba. Wanda zazzaɓi ya kama, wuyansa ya sanƙare, a garzaya da shi asibiti nan take, don cikin kwana guda takan kashe.